Na Sa Hannu Alhali Na San Birkin Zai Saki

Edita, ina yi maka sallama da fatan alheri. A shekarun da zan ba da labarinsu, wato farkon shigowar wayar salula garin Zariya, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina da mata da 'ya'ya biyu, muna haya a Hayin Dogo. Ina koyar da gyaran injin a wata makarantar koyon sana'a a Samaru, garejin makarantar ma a hannuna yake. Ban yi digiri ba, amma kowa Injiniya yake ce mini, ni kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda nake nunawa. An san ni da kunne. In babur ya tsaya a bakin gareji, kafin mai shi ya kashe na faɗa masa abin da ke damunsa, kuma da wuya in kuskure. Yabon nan da na saba sha shi ne ya kai ni ga aikata abin da har yau in na tuna shi nake jin abinci ya fita raina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin mutanen da abin ya shafa da yawansu suna nan da ransu, laifin kuma nawa ne ni kaɗai.

A makarantar muna da ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata. Shugabanta wani dattijo ne da nake kira Baba, aminin mahaifina, shi ya kawo ni makarantar ya tsaya mini har aka ɗauke ni aiki. Matan da muke aiki tare, masu koyar da ɗinki da girki da buga tafireta, yawancinsu daga Sabon Gari da Jushi da Hanwa suke zuwa, kullum cikin wahalar mota. Bas ta cika tun daga tasha, su yi ta tsayuwa a bakin titi, in kuwa suka hau acaɓa sai addu'a har a sauke su. Wadda ta fara kawo shawarar ƙungiya ta samo musu ƙananan baburan nan masu jikin roba, da ake ce wa roba-roba, ita ce malamar ɗinki. Malama muke ce mata gaba ɗaya. Bazazzagiya ce, Kirista, ta girme ni da kusan shekara goma, tana zaune a Jushi tare da mijinta, wani malamin firamare mai sanyin hali. Mace ce mai natsuwa ƙwarai, ba ta yin abu da garaje. Ita ta ɗinka wa matata kayan da ta sa ranar sunan ɗanmu na fari, tun daga nan suka ƙulla zumunci.

Ranar da aka kawo maganar gaban taro, aka ce wane irin babur za a nema, sai duk ido ya dawo kaina. Na miƙe na ce akwai wani sabon samfuri da na gani a shagon wani ɗan kasuwa a Sabon Gari, na yi ta zuba masa kirari, na ce ba ya shan mai, ba shi da nauyi, mace za ta iya tada shi ita kaɗai in ya faɗi. Har na ce in an same shi da aibi a daina kirana Injiniya. Aka yi dariya, aka tafa. Gaskiyar magana kuwa sau ɗaya na taɓa hawansa, na zaga layin shagon na dawo. Baba da yake dattijo ne ya ce ya ji, amma tunda rayukan mutane ne za su hau, sai a karɓo a gwada tukuna, a kawo sakamako a rubuce, sannan ƙungiya ta yi oda. Aka ɗora mini aikin gwajin, aka ba ni mako biyu. Ɗan kasuwar mutumin kudu ne, amma haifaffen Sabon Gari, Hausa ta zauna masa a baki kamar kowa. Bai yi gardama ba, ya ware mini guda uku ya ce in wahalar da su yadda na ga dama.

Ina so masu karatu su sani cewa gwajin nan na yi shi tsakani da Allah, abin da ya ƙara nauyin laifina ke nan. Makon farko a kan kwalta na yi shi. Kullum nakan ɗauki ɗaya in tashi daga Samaru in bi ta Kwangila har cikin Sabon Gari in dawo, ina lura da shan mansa, da zafin injin, da yadda yake tashi da safe. Na duba fitila, na duba oda, na duba tayoyi. A filin bayan makaranta na ja layi a ƙasa, in taho da gudu in taka birki daidai layin, in sauka in auna da taku inda ya tsaya, in rubuta a wani ɗan littafi da nake sa wa a aljihu. Duk ukun suka yi kyau, har na fara gaya wa mutane cewa ai dama na faɗa. A mako na biyu na ce bari in kai su hanyar da ba kwalta, tunda matan nan ba a bakin titi gidajensu suke ba. Na ɗaura buhun masara a baya a matsayin nauyin mutum, na kama hanyar Bomo. Lokacin damina ta fara sauka, hanyar duk gargada ce da ramuka.

Rana ta biyu a hanyar nan, da na dawo fili na taka birki, sai na ga babur ɗin ya wuce inda ya saba tsayawa da taku uku. Na ɗauka ƙasa ce ta jiƙe. Rana ta uku ina gangarowa wani ɗan kwari kafin a shiga Bomo, ga shanu suna tsallaka hanya, na taka birkin baya sai na ji ƙafata ta tafi har ƙasa, ba abin da ya kama. Na damƙi na hannu, shi kuma ba shi da ƙarfin tsayar da mutum da kaya a gangare. Da ƙafafuna na ja ƙasa har na shige cikin kunyar wata gona. Da na tashi na kakkaɓe jikina na duba, sai na ga ɗan notin da ke riƙe da sandar birkin baya ya warware ya faɗi. Girgizar hanya ce take kwance shi a hankali, saboda ba a yi masa abin da zai kulle shi ba, ƙarfen kuma mai laushi ne. Na gwada na biyu a hanyar, a cikin kwana biyu notinsa ya saki har ina juya shi da yatsa. Na uku bai kai ga haka ba, amma shi ma ya fara motsi. Na rubuta duk wannan a littafina da hannuna. Maganin abin ma ba wuya: a canza notin da mai kulle, a huda sandar a sa fil, wato ɗan siririn ƙarfen da zai tokare notin. Sai dai yin haka ga babura sama da talatin, da jiran kayan gyara daga Legas, zai ci makonni.

A nan ne shaiɗan ya samu ƙofa. Baba zai yi ritaya a ƙarshen watan, an riga an shirya cewa a wajen bikin sallamarsa zai miƙa wa matan makullansu da hannunsa, aikinsa na ƙarshe ke nan a ƙungiya. Kullum in ya wuce ta gareji sai ya leƙo yana murmushi ya tambaye ni yaya jikin baburanmu. Bai taɓa ce mini in rufe wani abu ba, ko da wasa. Ni ne na riƙa gaya wa kaina cewa bai kamata in ɓata wa mutumin da ya yi mini rana bikinsa ba. Amma in zan faɗi gaskiya, ba Baba ne ya fi damuna ba. Abin da nake gani a idona shi ne ranar da zan tsaya gaban taron nan da aka tafa mini, in ce babur ɗin da na rantse a kansa yana da aibin da zai iya kashe mutum. Na hango masu dariya, na hango wani abokin aikina da muke 'yar tsama da shi yana tuna mini maganar da na yi. Sai na fara yi wa kaina lissafin banza: ai mata ba sa gudu, ai ba za su bi hanyar Bomo da buhun masara ba, ai in an raba zan bi su ɗaya bayan ɗaya in gyara ba wanda ya sani.

Ranar da na mayar wa ɗan kasuwar baburansa, ya zagaya su yana dubawa, ya ga taɓo da ɗan karce a jikin ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, in ka ga wani abu ka gaya mini yanzu. Sabon kaya ne, ni ma ban san halinsa ba. In da matsala sai in tsayar da su, ba na son a ce kayana ya ji wa wani ciwo."

Na ce masa santsi ne ya kayar da ni, babur lafiyarsa lau. Na riga na ɗaure notocin tamau kafin in kawo, don haka ko ya taɓa ba zai ji komai ba. Washegari na zauna a ofis na rubuta sakamakon gwaji shafi biyu. Duk abin da na rubuta game da mai da injin da fitila gaskiya ne. Da na zo kan birki sai na rubuta cewa yana aiki yadda ya kamata, ana dai buƙatar a riƙa duba shi lokaci zuwa lokaci kamar kowane abin hawa. Na sa hannu, na buga hatimin gareji.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ƙungiya ta yarda ma'aikaci namiji ya sa sunan iyalinsa, ni ma na sa sunan matata, don tana koyarwa a wata islamiyya mai ɗan nisa da gida. Da aka kawo baburan aka raba, nata bai je gida ba sai da ya kwana biyu a gareji. Na ce mata ina ɗan duba shi ne. Na samo noti mai kulle a wajen masu tsofaffin kayan babur, na huda sandar na sa fil, na gwada har na gamsu, sannan na miƙa mata makulli. Na sauran matan kuwa na ce a raina sai an gama hidimar biki. Aka yi biki lafiya, Baba ya yi jawabi har ya ambace ni ya sa mini albarka. Bayan biki jarrabawar ɗalibai ta zo, bayanta aka yi hutu, kowa ya watse. Da aka dawo kuma na ga mako ya wuce, wata ya wuce, ba abin da ya faru, sai hankalina ya kwanta. Har na fara yarda cewa ni ne na matsa wa baburan fiye da kima. Matan kuwa ba ka ga murnarsu ba. Da safe sai ka ga sun jero sun shigo makaranta, Malama a gaba da hular kwanonta, tana tafiya a hankali tana ba da hannu a kowace kwana kamar yadda aka koya mata.

Wata uku da 'yan kwanaki bayan rabon, ranar wata Laraba da azahar, aka zo aka ce Malama ta yi hatsari. Ta tashi daga makaranta za ta gida, ta ɗauro ƙunshin yadudduka a baya. Unguwarsu hanyar ciki duk ta lalace da ruwan sama, kullum a cikin gargadar nan take shiga take fita. A gangaren da ke kusa da Kwangila wata tifa ta tsaya a gabanta ba zato, gefe kuma ga mata masu tallan masara a zaune. Ta taka birki bai ci ba. Maimakon ta afka wa matan sai ta karya kan babur ta faɗa cikin kwalbati. Ƙafarta ta karye, wuyan hannunta na dama kuma ya ragargaje. Da na je asibiti na same ta a kwance, fuskarta a kumbure, mijinta na zaune a gefe. Da ta gan ni sai ta yi ƙoƙarin ɗagowa, ta ce mini ta taka, wallahi ta taka har ƙasa, babu abin da ya kama. Na ce mata sannu, Allah ya ba ta lafiya, na fito. 

Ƙungiya ta sa aka kwaso babur ɗin aka kawo gareji, aka ce in duba in faɗi abin da ya jawo. Kafin ma a sauke shi daga kurar da aka turo shi a kai idona ya kai wurin. Notin babu shi, sandar tana reto. Wannan ita ce dama ta biyu da Allah ya ba ni, ita ma na watsar. Na ce wa sabon shugaban ƙungiya babur ɗin ya daku sosai, ba yadda za a gane abin da ya lalace kafin faɗuwa da wanda ya lalace bayanta. Ban ce laifin Malama ba ne, amma na bar ƙofa a buɗe, mutane kuwa suka shiga. Aka fara cewa ruɗewa ta yi, ta murɗa totur a maimakon ta taka birki. Wasu suka ce dama hawan babur ba na mata ba ne. Mazaje biyu ko uku suka karɓe makullan matansu. Mijinta da kansa, cikin tausayi ba cikin faɗa ba, ya riƙa gaya wa masu zuwa dubiya cewa tsoro ne ya kama ta, kowa ma zai iya ruɗewa. Ni kuma na fito da wata dabara, na ce gareji zai yi wa baburan ƙungiya sabis kyauta. Duk wadda ta kawo nata sai in canza notin a ɓoye. Har yaba mini aka yi a kan haka. Amma ba duka aka kawo ba. Wata ta ba ƙanenta ya tafi da shi ƙauye, wata ta sayar, wasu kuma suna jingine a gidaje. Kullum na ji an ce an yi hatsari a gari sai gabana ya faɗi.

Bayan an sallami Malama matata ta riƙa zuwa Jushi duba ta. Wata Juma'a na dawo daga masallaci, ta kawo mini abinci, sai ta zauna a gefen tabarma ba ta tashi ba kamar yadda ta saba. Ta ce Malama ta tambaye ta ko birkinta ya taɓa yi mata gardama, ta ce a'a. Sai Malama ta ce to wataƙila gaskiyar mutane ce, wataƙila ba ta taka ba, ita dai ta daina yarda da hankalinta. Matata ta ce tun a hanya take tunani. Ta ce ta lura wurin ƙafar birkinta akwai wani ɗan fil da ba ta gani a na maƙwabciyarmu da ita ma ta samu a rabon ba, sai bayan sabis ɗin nan ta ga ita ma an sa mata.

"Malam, kwana biyun da babur ɗina ya yi a gareji kafin ka ba ni, me ka canza a jikinsa?"

Na ce mata ba komai, dubawa ce kawai. Ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka tsare ni ka bar ta. Yanzu kullum in na hau shi sai in ji kamar da hannunta aka saya mini lafiyata. Ga makullinka, ba zan sake hawa ba sai ka je ka gaya mata."

Ta ajiye makullin a gefen kwano ta shige ɗaki. Kwana huɗu tana tafiya islamiyya a ƙasa. Ba ta sake tada maganar ba, ba ta fasa yi mini komai na gida ba, amma ba ta haɗa ido da ni. A rana ta biyar na ɗauki littafin gwajin daga cikin akwatin kayan aikina na nufi Hanwa gidan Baba. Ya sa tabarau ya karanta shafin hanyar Bomo a hankali, ya koma ya sake karantawa. Na fara yi masa bayanin cewa ban so bikinsa ya lalace ba, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce kada in kuskura in rataya masa wannan. Ya ce da na zo na gaya masa, da ya miƙa wa matan nan takarda a wajen biki ya ce su jira, ba wanda zai mutu don an jira. Ya ce mahaifina bai yi ilimin da na yi ba, amma bai taɓa sa hannu a kan abin da bai yarda da shi ba. Daga nan ya sa hularsa ya ce in tashi mu je Sabon Gari. Ɗan kasuwar da ya ji, ya dube ni. Abin da ya ce kawai shi ne ai ya tambaye ni. Ashe bayan namu ya sayar wa mutanen gari wasu da dama bisa takardar da na sa wa hannu, har ya manna kwafinta a bangon shago. A gabana ya ɓamɓare ta. A makon nan ya bi duk wanda ya iya tunawa, gida gida, ni kuma ina biye da shi da jakar sifanu.

Gidan Malama ranar Lahadi da la'asar muka je, bayan sun dawo daga coci, ni da Baba da matata. Tana zaune a tsakar gida a kan kujera, ƙafa a miƙe, hannun a rataye a wuya. Na durƙusa a gabanta na faɗi komai tun daga hanyar Bomo har zuwa ranar da aka kawo babur ɗinta gareji. Ban rage ko na matata ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta tsine mini. Ta kalli ƙafarta. Can sai ta juya wajen mijinta.

"Ka ji ko? Ashe na taka."

Sai a lokacin hawaye suka zubo mata. Mijin ya tashi ya shiga ɗaki, muna jin sautin kukansa daga waje. Da ta natsu ta ce mini ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta yafe a ranar ba, in ba ta lokaci. Ta ce hannu ya riga ya tafi, likita ya gaya mata yatsun ba za su sake riƙe almakashi ba. Abin da take so a wurina guda ɗaya ne, in tsaya a gaban taron da aka yi ta cewa ta ruɗe, in faɗi abin da na faɗa mata, da bakina, kuma matan da aka karɓe wa makullai su kasance a wurin.

Na yi hakan a taron ƙarshen wata. Abin da na guje wa tun farko shi ne ya same ni, har ya ninka. Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi mini sauƙi. Makaranta ta sauke ni daga shugabancin gareji, aka hana ni sa hannu a kowace takardar gwaji, kuma ban ga laifinsu ba. Masu kawo mini gyara daga gari suka ɗauke ƙafa. Bayan shekara guda na ajiye aikin da kaina na buɗe 'yar rumfa a bakin hanya, a nan nake har yau. Malama ta koma aiki tana koyar da ɗinki da baki, ɗalibai suna yanka tana nuna musu da hannun hagu. Ba ta sake hawa babur ba. Sai da aka yi kusan shekara biyu, ranar wata Kirsimeti, ta aiko mana da abinci kamar yadda ta saba yi a da, ta ce a gaya wa Malam ta yafe, ta bar wa Allah sauran. Ranar na kasa cin abincin, yara ne suka cinye.

Na daɗe ina tunanin yadda mutumin da bai taɓa nufin kowa da sharri ba zai kai ga haka. Ban karɓi cin hanci ba, ba wanda ya tsorata ni, ba wanda ya roƙe ni. Kunyar minti biyar a gaban abokan aiki kawai na gudar wa kaina, na musanya ta da hannun baiwar Allah da take ci da shi take ciyar da 'ya'yanta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ƙaryar ba ta yi kama da ƙarya ba a lokacin. Layi ɗaya ne a cikin shafi biyu na gaskiya, kuma na yi masa ado da niyyar zan gyara daga baya. Na gane cewa in mutum ya ce zai gyara a ɓoye, yawanci ba gyaran ne a gabansa ba, ɓoyewar ce. Na kuma gane cewa ciwon da na ji wa Malama bai tsaya a ƙashi ba. Watanni ta yi tana zargin hankalinta a kan abin da ta san ta yi daidai, ni kuma da na san gaskiya ina zuwa ina yi mata sannu.

Don haka nake roƙon duk wanda aka ba amanar duba wani abu ya sa hannu, ko bakanike ne, ko magini, ko mai haɗa wutar lantarki, ko ma'aikacin lafiya, ya ji tsoron Allah. Waɗanda za su yi amfani da abin ba su san noti ba, ba su san fil ba, sa hannunka kaɗai suka sani, a kansa suke ɗora 'ya'yansu su hau titi. In ka yabi abu jiya yau ka ga aibinsa, ka fito ka ce ka yi kuskure tun ana iya gyarawa da sifana. Masu hawa kuma, musamman iyayenmu mata, in kin ji abin hawanki ya canza miki, kada ki bari wani ya ce miki tsoro ne ko rashin iyawa, ki tsaya a kan maganarki har a duba. Ga kuma ma'aunin da ban yi amfani da shi ba sai da lokaci ya ƙure: kafin ka ce wa mutane abu lafiyarsa lau, ka tambayi kanka ko za ka ɗora iyalinka a kai yadda yake ɗin nan, ba tare da ka taɓa komai ba. In amsar a'a ce, to matar wani ma ba ta cancanci ta hau ba.